Daga Akara zuwa Ada Foah a motar haya: yadda ake kwana ɗaya a ƙauyen bakin teku a dawo

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mutumin Zariya ne, aiki ya kawo ni Akara na wata uku, ina zaune a Nima. Teku kam na hango shi daga cikin gari, amma ina so in je wani ƙauyen masunta in kwana ɗaya, in dawo kafin Litinin. Ba ni da mota, kuma aljihuna bai kai na ɗaukar shata ba. Ina ya kamata in nufa, yaya zan yi da motocin haya, kuma me zan kiyaye?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wurin da zan nuna maka shi ne Ada Foah, a gabashin Akara, daidai inda kogin Volta yake ƙare tafiyarsa ya faɗa cikin tekun Atlantika. Na shafe shekaru ina bin wannan hanya, da farko saboda aikin da na yi da mata masu bandar kifi na yankin, daga baya kuma saboda rakiyar baƙi irinka. Akwai wasu wuraren a yamma, amma ba su dace da kwana biyunka ba. Kokrobite yana nan kusa, sai dai ranar Asabar ya fi kama da dandalin casu na samarin birni da Turawa 'yan yawon buɗe ido. Busuwa da Butre kuwa, waɗanda ke gaba da Takoradi, suna da kyau ƙwarai, amma hanya kaɗai za ta cinye maka yini guda a zuwa, yini guda a dawowa.

Nisan Ada daga Akara ya ɗan haura kilomita 100, wato ya fi Zariya zuwa Kaduna, bai kai Zariya zuwa Kano ba. Saboda haka nisa ba zai dame ka ba. Abin da ke ɓata wa mutane wannan tafiya shi ne lissafin lokaci, domin zango uku ce kuma kowane zango da irin agogonsa. Motar tasha ba ta tashi sai ta cika, komai saurinka. Tasin da ke shiga Ada daga babban titi yana raguwa da zarar rana ta yi sanyi. Mai fiton da zai kai ka masaukin bakin teku kuma, in dai mai hankali ne, ba ya son sa kwalekwalensa a ruwa bayan magariba. Ka tuna cewa a wannan gaɓa rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 na yamma a kowane wata na shekara, kuma duhu ba ya jira, minti 20 bayan faɗuwarta ka daina gane fuskar na kusa da kai. In wayarka tana kan agogon gida, ka gyara, domin Gana tana bayan Najeriya da awa ɗaya.

Don haka kada ka yarda zumuɗi ya sa ka tashi ranar Juma'a da yamma. Ni na taɓa yi. Na bar Akara bayan la'asar da niyyar in ƙara wa kaina dare guda a bakin ruwa, cunkoson masu barin gari ya riƙe mu tun daga Tema, muka riƙa jan ciki har Dawhenya, ban sauka Ada ba sai bayan isha'i. Na sami mai fiton da muka yi alkawari da shi ya cire injinsa ya kai gida, yana zaune a kan kifaffen kwalekwale yana cin dokunu. Na roƙe shi, na ƙara kuɗi, ya nuna mini ruwan da hannunsa, ya girgiza kai, ya ci gaba da cin abincinsa. Na kwana a wani ɗaki cikin gari da fankar da ba ta juyawa, na biya kuɗin kwana biyu a dare ɗaya, tun da bukkar da na kama a tsallake ita ma an rubuta ta da sunana. A daren na ji haushinsa, amma da na ƙara sanin wannan ruwa na gane shi ne mai gaskiya. Ka tashi ranar Asabar da zarar ka sallame sallar asuba.

Daga Nima ka hau tro-tro mai shiga tsakiyar gari, ka nemi tashar Tudu, kusa da kasuwar Makola. Tro-tro ita ce ƙaramar bas ta haya, kuma sunan ya samo asali daga kalmar mutanen Ga, 'yan asalin Akara, ta kuɗin da ake biya a zamanin Turawa, wadda ma'anarta ɗaya da taro ɗin nan namu na sisi da taro. Yaron mota a nan met ake ce masa, shi ke kiran fasinja, shi ke karɓar kuɗi, shi kuma za ka gaya wa inda za ka sauka tun kuna tasha. A Tudu za ka ji Hausa ta ko'ina, wajen masu shayi da masu dako da masu canjin kuɗi, saboda haka tambaya ba za ta yi maka wuya ba. Kuɗin mota a tasha ƙayyadadde ne, ƙungiyar direbobi ta GPRTU da takwarorinta ke tsayar da shi, ba a ciniki. Ban faɗa maka adadi ba saboda yana bin farashin mai, abin da na biya bara ba shi za ka biya bana ba. Abin da ake ciniki a kai shi ne kuɗin kaya, kuma in jakarka ƙarama ce wadda za ka ɗora a cinya, babu wanda zai nemi ko fesuwa ɗaya, wato kwabon Gana, a kanta. Wannan dalili ne mai ƙarfi na rage kaya.

Akwai motar da ke zuwa Ada Foah kai tsaye, amma kafin ka yanki tikiti ka leƙa ka ƙirga kawuna. In ka tarar da mutum uku a motar mutum goma sha biyar, kana iya zama awa biyu kana sauraron masu wa'azi da masu tallar maganin basir. Mafita ita ce duk motar da ta nufi Sogakope ko Keta ko Aflao, bakin iyakar Togo, domin dole ta bi ta mararrabar Kasseh, inda hanyar Ada take rabuwa da babban titi, kuma waɗannan sun fi saurin cika. Ka tambaya tukuna ko za su karɓi kuɗin Kasseh ko sai na ƙarshen zango, domin wasu ba sa ragi. Wata dabarar ita ce ka wuce Ashaiman, gari mai babban zango kusa da Tema, ka hau motar Ada daga can, ka huta da shiga tsakiyar Akara gaba ɗaya. Ka kuma sani cewa Asabar ranar jana'iza ce a kudancin Gana. Za ka ga ayari-ayari na mutane cikin baƙi da ja suna tafiya garuruwansu binne mamaci, wanda wani lokaci ya yi makonni a ɗakin ajiyar gawa. Wannan yana taimaka maka da sassafe domin motoci na cika nan da nan, amma in ka makara sai ka tarar motocin sun ƙare, layi ya miƙe.

Hanyar kanta awa biyu ce zuwa uku in an yi sa'a. Za ku bi babban titin Tema, mai tsawon kilomita 19, wanda aka buɗe a 1965 zamanin Kwame Nkrumah, sannan ku ɗauki titin Aflao. Bayan Dawhenya gari yana ƙarewa, ƙasa ta buɗe, kuma a nan baƙo daga arewa yakan yi mamaki: fili ne na ciyawa da suri da bishiyoyin kuka jefi-jefi, ga garken shanu da makiyaya, kai ka ce hanyar Funtuwa kake. Wannan yanki yana cikin mafiya ƙarancin ruwan sama a kudancin ƙasar. Wajen Sege za ka ga tulin kankana da tumatir a bakin titi in lokacinsu ne. Da yake titin na ƙasa da ƙasa ne, ana samun shingayen 'yan sanda da na kwastan, don haka fasfo ɗinka ya kasance a jikinka. A matsayinka na ɗan ƙasar da ke cikin ECOWAS ba ka da abin tsoro in hatiminka na shigowa bai ƙare ba.

Kasseh ita ce wurin da za ka yi duk wata hidimar kuɗi da sayayya. Kasuwarta tana ci Talata da Juma'a, amma ko ranar Asabar za ka sami burodi da ruwan leda da masu MoMo, wato masu cire kuɗi ta waya. Ka cire abin da zai ishe ka, ka nemi ƙananan takardu, domin mai fito da mai soya kifi ba su da canjin sidi 200. In wata tsohuwa ta faɗa maka farashi da dubbai, kada gabanka ya faɗi. A 2007 aka canza kuɗin ƙasar, sidi 10,000 na da ya koma sidi 1, kuma har yau akwai dattawan da ke lissafi da tsohon kuɗi. Daga Kasseh zuwa Ada Foah kimanin kilomita 20 ne, ta cikin Big Ada. Akwai tasi na haɗaka, akwai 'yan acaɓa waɗanda a nan ake kira okada. Ni na fi son tasi, ko da za a ɗan matsu, saboda hular kwano ba kowane ɗan acaɓa ke da ta fasinja ba.

A hannun damarka yayin da kake gangarawa, can bayan filayen, tafkin Songor yake, inda ake haƙar gishiri tun kaka da kakanni. Na ambace shi ne saboda ba baƙon tarihinmu ba ne. Gishirin Ada a kwalekwale ake haura da shi kogin Volta zuwa Kete-Krachi, daga nan ya isa kasuwar Salaga, inda fataken Hausawa masu zuwa Gwanja sayen goro suke sauke kayansu. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da yawa daga cikinsu sun koma Kete, a can ne kuma shahararren malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru na Kete-Krachi, ya zauna har ya rasu a 1934. Ruwan da za ka tsallaka ranar Asabar, bakin waccan tsohuwar hanyar ciniki ne. Tafkin yanzu yana cikin wuraren da UNESCO ta sa a jerin muhallan da ake kiyayewa tun 2011, kuma maganar wa ke da ikon gishirinsa magana ce mai zafi a wajen mutanen Ada, saboda haka in ta taso a cikin tasi ka zama mai sauraro.

Ada Foah ita ce hedikwatar gundumar Ada ta Gabas, amma ƙaramin gari ne mai shiru, da tsofaffin gidajen 'yan kasuwa da tsohon cocin Presbyterian. Harshen mutanen Dangme ne, na tsallaken kogi da na tsibirai da yawa kuma Ewe. Hausarka da ta yi maka aiki a Tudu za ta ragu a nan, sai ka koma ga Turanci, sai fa in ka ga mai tsire, wanda a Gana ake kira cicinga, domin galibi 'yan arewa ne ke wannan sana'a kuma su ne za su nuna maka masallaci mafi kusa. In an ce za a kai ka ganin ganuwar Kongenstein da mutanen Denmak suka gina a 1783, kada ka sa rai da yawa, teku ya cinye kusan dukkanta. Dalilin cinyewar yana da nasaba da madatsar ruwa ta Akosombo da aka kammala a 1965: yashin da kogi ya saba kawowa ya zube a gaɓa yanzu yana maƙalewa a bayan madatsar, teku kuma bai fasa kwasar wanda ya tarar ba. Jerin manyan duwatsun da za ka gani an shimfiɗa cikin ruwa kamar yatsu, aikin gwamnati ne na tare yashin, wanda aka yi bayan shekarar 2010.

Masauki iri uku ne. A bakin kogi akwai manyan otal da gidajen hutun attajiran Akara, waɗanda ba su ka zo nema ba. A cikin gari akwai ƙananan gidajen baƙi masu wuta da ruwan famfo. Na uku, wanda nake ganin shi ne amsar tambayarka, bukkoki ne na ganyen kwakwa a kan wani siririn tudun yashi da ya miƙa daga ƙauyen Azizanya zuwa mahaɗar ruwan, kogi a hannu ɗaya, teku a ɗaya hannun, tsakaninsu tafiyar 'yan mintoci a ƙafa. Daɓen bukkar yashi ne, gado da gidan sauro su ne kayan ɗaki, wanka da bokiti, wuta kuma ta janareta ko ta hasken rana ce ta 'yan awoyi. Wanda ya taɓa kwana a ƙauye ba zai ga wani abin wahala ba. Ka kira su tun ranar Alhamis ka kama wuri, ka kuma tambaya ko za a yi kiɗa a daren, domin wasu Asabar ɗin ɗalibai kan zo da yawa su kunna wuta su raba dare suna ganga, in kuwa shiru kake nema gara ka zaɓi bukkar da ke nesa da wurin cin abinci.

Fito daga gari zuwa can bai fi minti 20 ba a kwalekwale mai inji. In masaukinka zai turo nasa, ya fi, domin shi ke da alhakin dawo da kai. In kuma da kanka za ka nema, ku yi magana ta ƙare tun ƙafarka tana kan tudu: nawa ne, na mutum ɗaya ne ko na jirgin duka, zuwa ne kaɗai ko har da dawowa, ƙarfe nawa zai zo gobe. Ka biya na zuwa in kun isa, na dawowa kuma sai gobe, ka karɓi lambar wayarsa ka kira a gabansa ka ji ta yi ƙara. Ka nemi rigar ceto ka sa, ka ɗaure igiyoyinta. Za ka ga 'yan gari ba sa sawa, har wani ya yi maka murmushi, amma su a cikin ruwan aka haife su. In ka ga an cika jirgi har gefensa ya kusa shan ruwa, ka sauka ka jira na gaba, kuma waya da fasfo su shiga leda biyu kafin su shiga jaka.

Maganar ruwa ita ce wadda nake so ka fi riƙewa. Tekun wannan gaɓa ba irin dam ɗin da yaran Zariya ke iyo a ciki ba ne. Gaɓar tana da gangara, taku uku daga inda ruwa ke lasar idon sawunka sai ka ji ƙasa ta ɓace. Igiyar ruwa tana fashewa dab da tudu da ƙarfin da zai kayar da ƙato, sannan in tana komawa ta zare yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Mafi haɗari shi ne wurin da ya fi kama da lafiya. Ruwan da igiyoyi suka turo tudu dole ya koma, sai ya haƙa wa kansa wata siririyar hanya ya bi ta da gudu zuwa ciki. A ido, wannan hanya takan zama wani tsagi mai duhu, mai laushi, inda igiya ba ta fashewa, kuma nan ne baƙo yake zaɓa domin ya ga kamar ya fi kwanciya. Gwanin iyo in ya faɗa ciki, dabararsa ita ce kada ya yi kokawa da ruwan, ya bi gefe a layi ɗaya da gaɓa har ya fita daga tsagin. Wanda bai iya ba, ba shi da dabara, kuma babu ma'aikacin ceto da ke zaune yana gadi. Saboda haka iyakarka gwiwa, kuma kada ka ba teku baya don ɗaukar hoto.

Mahaɗar kogin da teku abin kallo ce, ruwa biyu masu launi daban suna turereniya, amma daga tudu ake kallonta. Teku yana cikowa ya janye sau biyu a kwana da yini, lokacin kuma yana matsawa da kimanin minti 50 kowace rana. In yana janyewa, ruwan kogi da na teku duka suna rige-rigen fita ta ƙofa ɗaya, kuma jan da suke yi yana iya wucewa da kwalekwalen da injinsa ya mutu. Wannan ne abin da mai fiton nan ya nuna mini da hannu a daren Juma'a. Gefen kogi ya fi kwanciya, a nan ne baƙi ke wanka, sai dai ka sani akwai tsargiya a wannan ɓangare na kogin Volta, cutar fitsarin jini da ake ɗauka daga ruwan daɗi mai ciyayi inda ƙananan katantanwa suke. Kusa da mahaɗa gishiri yana rage su, amma a tsibirai da lungunan da ruwa ke tsaye haɗarin yana nan. In ka shiga, kuma bayan makonni ka ga zazzaɓi ko canji a fitsari, ka gaya wa likita cewa ka yi wanka a Volta, maganinta yana da sauƙi. Sauro kuma da yamma ba ya wasa, ka zo da riga mai dogon hannu da maganin shafawa.

Abin da zai biya ka wahalar hanya shi ne jan taru. Da yammacin Asabar ka tambayi mai masaukinka inda za a ja da safe. A mafi yawan gaɓar Gana ranar Talata ce masunta ba sa shiga teku, don haka ƙarshen mako kana da kyakkyawan zato. Tun da duku-duku wani dogon kwalekwale mai zane-zane da rubuce-rubucen addu'a a jikinsa zai keta igiyoyi, ya bar bakin igiya ɗaya a tudu, ya zagaya yana zubar da taru, ya dawo da ɗaya bakin can nesa. Daga nan sahu biyu na mutane, maza da samari har da yara, za su kama ja. Kowa ya kafa dugadugansa a yashi ya kwanta da baya, wani yana ba da waƙa ana amsawa, na ƙarshen sahu in ya kai wajen kututturen kwakwar da ake naɗe igiyar sai ya sako ya dawo gaba ya sake kamawa. Ana iya awa biyu ko uku a haka, sahun biyu suna matsowa kusa da juna a hankali. Mata suna zaune a gefe da manyan kwanonin silba, ba su ce uffan ba har sai jakar tarun ta fito. Wata rana ta fito da kifi yana walƙiya har a rasa wurin taka ƙafa, wata rana kuma rabinta ledoji ne da ciyawar ruwa, ka ga fuskokin mutum arba'in sun canza a lokaci guda. In ka yi sallama ka kama igiyar ba mai hana ka, kuma bisa al'ada wanda ya ja yana da ɗan rabonsa. Ka cire agogo, ka sani tafin hannunka zai yi kanta. Hoto kuwa sai ka nemi izini, musamman wajen matan, kuma kuɗi ko gaisuwa da hannun dama, kamar dai a gida.

Daga nan ka bi matan zuwa wurin banda. Murhun da za ka gani, na laka mai faifan waya da ake jerawa hawa-hawa, ana kiransa da sunan Chorkor, unguwar masunta ta Akara inda aka ƙirƙiro shi a 1969, kuma ya bazu a gaɓar Afirka ta Yamma saboda yana cin itace kaɗan. Abinci ba zai ba ka matsala ba in ka tsaya a kan kifi: gasasshiyar karfasa da banku, wani tuwon masara mai tsami, ko dokunu da soyayyen kifi da barkono. Za ka ga ana sayar da wani naman ƙumba da ake tsamowa daga ƙasan kogi a soke a tsinke, wanda yankin ya yi suna da shi, kuma a mazhabar Malikiyya abin da ke rayuwa a ruwa halal ne. Nama dai ka bari sai ka san wanda ya yanka, miya kuma ka tambayi abin da ke ciki, domin ana kiwon alade a yankin. In an ce za a kai ka tsibirin da ake matse rake, ka sani barasa ake dafawa a can, sai ka zaɓa da saninka. Ruwan teku yana halatta alwala, nisan tafiyar kuma ya wuce mil 48 da malamanmu suka ƙayyade na kasaru. Alƙibla daga nan gabas ce mai karkata sosai zuwa arewa, wato in ka ba teku baya ka fuskanci tudu, sai ka juya dama kamar kashi biyu cikin uku na hanyar zuwa gabas.

Ba ka faɗi watannin da za ka yi a Akara ba. In zamanka ya faɗo tsakanin Oktoba da Maris, lokacin da kififiyar teku ke fitowa da dare ta haƙa rami ta yi ƙwai ne, har da wata babba mai baƙin baya kamar fata wadda nauyinta kan wuce kilo 300. Ofishin kula da namun daji na Ada Foah yana shirya fita da dare don ganinsu, doka kuma ta hana taɓa su ko ƙwansu. Mayu da Yuni su ne tsakiyar damina, teku yana haukacewa, bukka tana yoyo. Makon farko na Agusta kuwa bikin Asafotufiami ne, na tunawa da mayaƙan Ada, da harbe-harben bindigar toka da 'yan gari da ke dawowa daga ko'ina, wanda abin gani ne amma ba a samun ɗaki sai an kama tun da wuri. Haka ma Ista da Kirsimeti.

Ranar Lahadi ka ce wa mai fito ya zo ƙarfe 12 na rana, domin ka san zai iya kaiwa 1. Da safe gari yana coci, motoci kaɗan ne, daga la'asar kuma duk wanda ya zo jana'iza ko hutu yana neman kujera zuwa Akara, titin Dawhenya da Tema ya sake toshewa. Tsakanin waɗannan biyun kake so ka ratsa. In babu motar Akara mai lodi a Ada Foah, kada ka zauna jira, ka hau tasi zuwa Kasseh, ka tsaya a bakin titi wajen da motocin Aflao da Sogakope ke sauke fasinja, ka karɓi duk wadda ta ce Ashaiman ko Tema ko Akara. In ka sayi bandar kifi tsaraba, ka sa a naɗe ta a takarda kafin leda don kada ta yi gumi, ka riƙe ta a hannu, domin a but za a ɗora mata buhun gishiri. In ka bar Kasseh kafin ƙarfe 2, da yardar Allah za ka yi magariba a Nima.